Kuɗin hayar layin da ban nema ba: yadda na jawo intanet gidana a Zariya

Lissafin da na zauna na yi a ƙarshen watan Fabrairun 2025 shi ya tura ni neman intanet na gida. Wata guda kafin nan, ranar 20 ga Janairu, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashin kira da data da abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba, kuma ba a jima ba muka ji a aljihunmu. A gidana wayoyi biyar ke cin data: tawa, ta uwargida da ke sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp, ta 'yarmu ta fari da ke shirin jarrabawar JAMB a lokacin, ta ƙaninta, sai ta mahaifina, wanda ba ya kwanciya sai ya saurari tafsiri da labaran duniya. Ni kuma malamin makaranta ne, da yamma ina koyar da wasu ɗalibai lissafi ta bidiyo. Da na haɗa abin da muka kashe a wata ɗaya sai na ga ya haura naira 40,000. A cikin kwanakin ne na ga wani allon talla a kan hanyata ta zuwa Sabon Gari, an rubuta da manyan baƙaƙe: intanet mara iyaka har cikin gida, naira 18,000 a wata. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, don ba tozarta kowa na zo yi ba. So nake wanda zai biyo wannan hanya bayana ya san inda ramukan suke.

Na je ofishinsu a makon farko na azumi, wajen ƙarfe goma na safe. Daga Hanwa na hau keke zuwa Kwangila, na sake wani zuwa cikin Sabon Gari. Ofishin ɗan madaidaici ne, mutum huɗu na tarar a kan benci, na jira kamar minti arba'in. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta tarbe ni da fara'a, ta ce, “Sannu da zuwa Baba, barka da ibada.” Na ce mata tallarsu na gani, ina son in tabbatar ko 18,000 ɗin gaskiya ce. Ta ce gaskiya ce, tsarinsu ne mafi araha, gudunsa yana kaiwa megabit 20, amma akwai kuɗin haɗawa na sau ɗaya, naira 30,000, kuma kafin komai sai ma'aikatansu sun zo sun duba gidan, wanda shi ma ana biyan 5,000. Na tambaye ta ko shi ke nan, ta ce shi ke nan, sai dai ɗan haraji. Na yarda da wannan amsa. Tambayar da ya kamata in yi ita ce, nawa ne zai fita daga asusuna kowane wata idan an haɗa komai da komai, amma ba ta zo mini ba, domin lambar da ke kan allon ta riga ta zauna mini a kai.

Ta ba ni fom mai shafi huɗu. Takardun da suka nema su ne takardar lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, hoton fasfo guda biyu, da takardar kuɗin wuta ta kwanan nan don tabbatar da adireshi. Mai zaman haya sai ya ƙara da wasiƙar amincewar mai gida, saboda za a huda bango a kafa waya. Ni gidan namu ne, amma takardar wutar sunan mahaifina ke jiki, don haka sai da na koma washegari da kwafin katin shaidarsa. Shafi biyu na farkon fom ɗin na cikewa ne, biyun ƙarshe kuwa sharuɗɗa ne da Turanci, rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero. Na ɗan leƙa sama-sama na sa hannu. Ba a ba ni kwafi ba, ni ma ban nema ba. Kuɗin duba gidan da na tura ta banki ya kama naira 5,375, wato 5,000 da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ƙasar nan ke karɓa tun Fabrairun 2020. Wannan ban ji komai a kansa ba, haraji ne na gwamnati, ba su suka ƙirƙiro shi ba.

An ce mini kwana uku masu dubawar za su zo. Sai a rana ta tara suka iso, samari biyu a kan babur, ɗaya riƙe da wata na'urar awo mai taya. Suka taka daga akwatin rarraba layinsu da ke jikin falwaya a bakin titi har ƙofar gidana, suka ce mita 210 ne. Nan ne na fara jin cewa kuɗin haɗawar mita 150 kawai yake ɗauka, duk mitar da ta ƙaru naira 500 ce. Mita 60 ke nan, naira 30,000, daidai da kuɗin haɗawar kansa. Na ce musu ai ba a faɗa mini wannan a ofis ba. Babban cikinsu ya ce, “Wallahi Malam ba daga gare mu ba ne, mu awo kawai aka turo mu.” Kuma gaskiyarsa ne. Na shiga gida na shawarci uwargida, ta ce, “Malam, tunda har an fara, kuma sau ɗaya za a biya, a daure a ƙarasa.” Ni ma abin da ke raina ke nan. Mutum in ya riga ya zuba 5,000 ya kuma ɓata kwana tara yana jira, janyewa tana yi masa wuya, ko da ya fara jin ƙanshin cewa cinikin biri a sama yake yi.

Sai bayan ƙaramar Sallah aka zo haɗawa, a makon farko na Afrilu. Kafin su zo aka turo mini saƙo in biya naira 88,687.50. A lissafina 78,000 nake tsammani: 30,000 na haɗawa, 30,000 na ƙarin waya, 18,000 na watan farko. Na kira lambar ofis, aka ce mini ragowar haraji ne da sauran caji. Na biya. Da na tsaya na buga, da na ga cewa harajin 78,000 bai wuce 5,850 ba, wato akwai sama da naira 4,800 da ba ta da uba. Amma ranar hankalina yana kan aikin. Aikin kuwa ya yi kyau, dole in ba su haƙƙinsu. Sun ja wayar fayiba siririya, mai zaren gilashi a ciki, daga falwaya zuwa falwaya, suka huda bangon falo, suka haɗa bakin zaren gilashin da wata na'ura mai narkarwa, suka maƙala wani ɗan farin akwati mai ƙahonni biyu. Kafin la'asar yara sun cika falo kowa da wayarsa. A bayan akwatin na lura da wata 'yar ƙaramar kafa dabam da sauran, na tambayi mai haɗawar, ya ce ta wayar girke ce, in ina da ita in soka. Na ce ba ni da ita, ba kuma na bukata. Ya ce to ba komai. Maganar ta wuce a haka.

Ranar 5 ga Mayu saƙon biyan wata na biyu ya shigo: naira 24,187.50. Na karanta har sau uku. Na ɗauka kuskure ne, ko an haɗa ni da wani mai tsari mafi tsada. Washegari da na tashi daga makaranta na wuce ofishin. Wannan karon mutane sun fi yawa, na yi sama da awa ɗaya. Da layi ya zo kaina na roƙi a buga mini rasit mai bayani dalla-dalla, ba dunƙulalliyar lamba ba. Sai da aka kira mai kula da asusu daga ɗakin ciki kafin a samu. Ga abin da ke jiki: intanet 18,000, hayar akwatin da ke bangon falona 2,000, hayar layin wayar girke 2,500, jimilla 22,500, sai haraji 1,687.50. Na ce masa wane layi? Ya nuna mini wata lamba a saman takardar, ya ce wannan ita ce lambar wayar gidana, tana zuwa ne tare da tsarin. Na ce ban taɓa ganin lambar ba sai yau, ba ni da ma abin da zan soka. Ya ɗauko fom ɗin da na sa wa hannu, ya buɗe shafi na uku, ya ɗora yatsa a kan wani layi. Yana nan kuwa, a rubuce. A wannan shafin ne kuma na ga cewa akwatin ba nawa ba ne, mallakar kamfani ne, ranar da na daina hulɗa da su zan mayar ko in biya kuɗinsa. Na kuma ga cewa “mara iyaka” ɗin yana da iyaka: in muka ci gigabait 300 a wata, gudun zai sauko zuwa megabit 2 har wata ya ƙare.

Na fito raina a ɓace. Abin da ya fi ci mini rai ba yawan kuɗin ba ne, don ko a 24,000 ɗin ma na fi samun sauƙi a kan 40,000 da muke kashewa da. Da tun ranar farko an ce mini ga abin da zan riƙa biya, da wataƙila na amince da hannu bibbiyu. Abin da ya yi mini ciwo shi ne an nuna mini farashi ɗaya a bakin titi, an karɓi wani a banki, sannan an bar ni da jin cewa laifina ne da ban karanta ƙananan baƙaƙe ba. Tun muna yara a karatun zaure aka koya mana cewa daga cikin sharuɗɗan ingancin ciniki akwai sanin abin sayarwa da sanin farashinsa, ga mai saye da mai sayarwa duka. Mai tumatir a kasuwar Sabon Gari ba zai ce maka kwando dubu goma ba, sai ka ɗora a keke ya ce akwai kuɗin hayar kwando da na igiyar ɗauri. In ya yi haka sau ɗaya, kasuwa gaba ɗaya za ta ji.

Da daddare nake ba mahaifina labari. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutum ne da ba ya yar da takarda. Da ya ji na ce hayar layi sai ya yi murmushi, ya aiki jikansa ya ɗauko masa wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai takardun kuɗin wayar NITEL, tsohon kamfanin waya na gwamnati, na gidanmu na da a Tudun Wada, sun yi ja don tsufa, lambar tana farawa da 069, wato lambar Zariya a lokacin, kamar yadda ta Kaduna ta kasance 062, ta Kano 064. Ya nuna mini yadda aka ware kuɗin haya a layinsa, kuɗin kira a nasa. Ya ce, “Ka ga, mu ma mun biya haya, amma mun san ta tun ranar da muka cike takarda, kuma mun san abin da muke haya.” Ya yi mini bayanin cewa a wancan zamani kowane gida mai layi yana da tasa wayar tagulla da ta taso tun daga ofishin haɗa layi har cikin ɗaki, kamfani ke kula da ita, ko ka yi kira ko ba ka yi ba. Wutar da wayar ke aiki da ita ma ta cikin layin take zuwa, shi ya sa ko an ɗauke wutar gari kana ɗaga kan waya za ka ji tana ƙara. An kafa NITEL a 1985, kuma kafin wayar salula ta fara aiki a Agustan 2001 layukan girke a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. Samun layi a lokacin abin alfahari ne, maƙwabta har saƙo ake bar musu a gidanmu. Hayar tana da ma'ana, don akwai abin da aka ba ka. Nawa layin kuwa ba shi da wata waya tasa dabam. Ta cikin zaren gilashin da na riga na biya kuɗin jawowa murya za ta bi, kuma da an ɗauke wuta akwatin ya mutu, layin ma ya mutu.

A ƙarshen makon na kira ƙanena da ke aiki a wani asibiti a Ingila. Ina fara bayani ya ce, “Yaya, ai wannan tsohuwar dabara ce, nan ma sun sha fama da ita.” A can yawancin intanet na gida ta tsohuwar wayar tagulla ya riƙa bi, don haka dole mutum ya biya hayar layi ko ba ya kira. Kamfanoni sai su rubuta ɗan ƙaramin farashi da manyan baƙaƙe, wani lokaci ma su ce kyauta ne na wasu watanni, hayar layin da ta fi shi tsada kuma a tura ta can ƙasa. Hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace a ƙasar, ASA, ta sa doka cewa daga 31 ga Oktoban 2016 dole talla ta nuna farashin wata a dunƙule, har da hayar layi, ta kuma fito da tsawon kwantiragi da kuɗin farko a fili. Daga Afrilun 2018 kamfanin waya na BT ya rage wa masu wayar girke kaɗai hayar wata daga fam 18.99 zuwa 11.99, bayan binciken hukumar sadarwarsu, Ofcom, kuma yawancin waɗanda abin ya shafa tsofaffi ne. Daga 17 ga Janairun 2025 kuma, duk ƙarin da za a yi wa mutum a tsakiyar kwantiragi sai an rubuta masa shi da fam da kwabo tun ranar sa hannu. Ya ƙara da cewa a Amurka tun Afrilun 2024 manyan kamfanonin intanet ke manna wata takardar bayani a kan kowane tsari, mai kama da wadda ake gani a jikin gwangwanin madara, ana jera farashi da gudu da kowane ƙarin caji. Wannan hira ta ba ni ƙarfin gwiwa, don na gane ba rigima ce irin ta mai son banza nake yi ba. Mu ma nan ba a bar mu haka ba: a 2024 NCC ta fitar da ƙa'idar sauƙaƙa farashi, wadda ta umarci kamfanonin wayar salula su rage yawan tsare-tsarensu, su kuma bayyana farashi da sharuɗɗa yadda mai saye zai gane ya kwatanta. Ra'ayina shi ne duk mai sayar da intanet na gida, babba ko ƙarami, ya kamata a ɗaure shi da irin wannan igiya.

Ranar Litinin na rubuta wasiƙa ta neman a cire layin girke daga asusuna. Na yi kwafi biyu, na kai ofis, na dage sai da aka buga wa nawa hatimi aka sa kwanan wata. Wannan shi ne abu mafi amfani da na yi a duk tafiyar, ko da yake a lokacin ban san haka ba. Aka ce za a tura wa manya. Yuni ya zo da 24,187.50, na biya, don in ban biya ba za a yanke, ga ɗalibai suna jirana. Na kira, aka ce ana kan dubawa. Yuli ma haka. Na koma ofis sau biyu, kowace tafiya kuɗin keke da rabin yini. Sau ɗaya aka ce manaja ya tafi Kaduna, sau ɗaya aka ce kwamfuta ba ta ba da damar raba layin da tsarin. Na fara gajiya, har na soma ce wa kaina ko in haƙura da 2,500 ɗin nan. Sai na ɗauki alli na buga a allon da nake koyarwa da shi. Bambancin da ke tsakanin farashin talla da abin da nake biya naira 6,187.50 ne a wata, 74,250 a shekara. In aka haɗa da kuɗin dubawa da haɗawa da ƙarin waya da harajinsu, shekarar farko za ta ci naira 360,125, wato kimanin 30,000 kowane wata, a kan abin da aka tallata mini 18,000. Ban ma sa kuɗin ɗan batirin da na saya don akwatin ya ci gaba da aiki in an ɗauke wuta ba, don wannan ba laifinsu ba ne. Da na ga lambar a allo sai haƙurin ya fita daga raina.

A watan Agusta, ana tsakiyar ruwa, masu gyaran magudanar ruwa a bakin titinmu suka tsinke wayar. Jar fitila ta kama a jikin akwatin. Kwana tara muka yi babu intanet, na koma sayen data a waya don kada darasi ya tsaya, ga shi na riga na biya kuɗin watan cif. A rana ta biyar na kira 622, layin kyauta da NCC ta ware don ƙorafin masu amfani da layukan sadarwa. Wadda ta ɗauka ta saurare ni da natsuwa, sannan ta tambaye ni lambar ƙorafin da kamfanin ya ba ni. Ashe tsarin shi ne ka fara kai kuka wurin kamfaninka, su ba ka lambar shaidar cewa sun karɓa, in ba su magance ba sannan ka wuce gaba da wannan lamba. Ni kuwa duk kiran da na yi na wata uku ban taɓa neman lamba ba, ba a kuma taɓa ba ni ba. Washegari da sassafe na je ofis, na ce ba na tashi sai an buɗe mini ƙorafi biyu a rubuce, ɗaya na layin girke ɗaya na tsinkewar waya, kowanne da lambarsa, kuma na faɗa musu a fili inda zan kai lambobin. Ban ɗaga murya ba. Yarinyar nan ta teburin gaba ba ita ta tsara farashi ba, kuma 'yar wani ce kamar tawa. Cikin minti ashirin aka ce in shiga wurin manaja.

Manajan matashi ne mai ladabi. Ya miƙe ya ba ni hannu, ya ce, “Malam, a yi haƙuri, bismillah ga kujera.” Na shimfiɗa masa takarduna a kan tebur: hoton allon talla da na ɗauka da waya, rasit ɗin Mayu, da wasiƙata mai hatimi. Na ce masa ba na musun cewa na sa hannu, amma ina son ya nuna mini inda allon ya ce 24,000. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya faɗi wata magana da na yaba masa a kanta, don gaskiya ce ko da ba ta wanke su ba. Ya ce in suka rubuta cikakken farashi alhali na kusa da su ya rubuta rabi, kowa wurin wancan zai tafi. Ya kuma lissafa mini abin da ke cin su: dizal, kuɗin izinin bin hanya da waya, kayan da ake saye da dala, da masu haƙa da ke tsinke musu layi kullum. Na ce duk na yarda, kuma ba na ƙin ya ci riba, amma a faɗa mini kafin in sa hannu. Na ce masa dalilin da ya kawo shi ne ma ya sa ya kamata doka ta hau kan kowa lokaci ɗaya, don kada mai gaskiya ya zama shi ne ke asara. A ƙarshe ya amince a cire layin daga Satumba, a kuma mayar mini da hayar watanni uku da suka biyo bayan wasiƙata, naira 8,062.50, ta hanyar rage ta daga kuɗin wata mai zuwa. Na Afrilu da Mayu ya ce ba zai iya ba, tunda a lokacin ban nemi a cire ba a rubuce. Kwanakin da wayar za ta yi a tsinke kuma ya ce za a ƙara mini su a ƙarshen wata. Na nemi ya rubuta duk wannan ya sa hannu, ya rubuta. Ashe kwamfutar tana iya raba layin da tsarin.

Yanzu naira 21,500 nake biya: 18,000 da hayar akwati 2,000 da harajinsu. Intanet ɗin yana aiki, ba na nadamar jawo shi. Amma da zan sake daga farko, kafin in ba da ko kwabo zan ce a rubuta mini a takarda mai kan kamfani adadin da zai bar asusuna kowane wata har da haraji, da adadin da zan biya kafin fitila ta kama. Zan tambayi mita nawa kuɗin haɗawa ya ɗauka da farashin kowace ƙarin mita, sannan in taka da ƙafata daga gida zuwa akwatinsu mafi kusa in ƙiyasta, kafin in biya kuɗin dubawa da ba a mayarwa. Zan tambayi akwatin na wane ne, nawa ne in zan saye shi gaba ɗaya, don hayar 2,000 a shekara biyu ta zama 48,000 ban da haraji. Zan ce a nuna mini ko akwai wani abu da aka liƙa wa tsarin, layin girke ne ko tashoshin kallo, in kuma ba na so a soke shi a jikin fom ɗin a gabana. Wanda ke da shago ko ƙaramin asibiti yana iya bukatar lambar girke, wannan ya karɓa da saninsa. Zan haɗa kuɗin shekara guda in raba goma sha biyu, da wannan lambar zan kwatanta kamfani da kamfani, har da masu na'urar 4G da 5G da masu tauraron ɗan'adam irin Starlink, wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023, domin kowannensu yana da kuɗin na'ura da sharaɗin da allon talla ba ya ɗauka.

Sai maganar gudu, wadda ta rikita har ɗana da ke ganin ya san kwamfuta. Megabit dabam, megabait dabam, takwas na farko ke yin ɗaya na biyu. Megabit 20 da aka sayar mini bai wuce megabait biyu da rabi a daƙiƙa ba in ana sauke abu, kuma kalmar “yana kaiwa” tana nufin iyakar sama ce, ba alkawari ba. Da daddare in unguwa duk ta hau, yana raguwa. Duk wanda aka ce masa mara iyaka ya tambayi gigabait nawa ne kafin a rage masa gudu, da kuma gudun da za a bar masa. Mu a watan hutun yara mun cinye 300 ɗin tun ranar 22 ga wata, sauran kwanakin da ƙyar bidiyon darasina ke tafiya. Tun daga nan muka sa doka a gida, ba a barin bidiyo yana ta zuba babu mai kallo.

Kada a tura kuɗi asusun wani ma'aikaci komai kirkinsa, sai asusun da ke ɗauke da sunan kamfani. A ɗauki hoton kowane shafi na fom kafin a miƙa shi, har da na ƙananan baƙaƙen, wanda Turanci ke ba shi wuya kuma ya tafi da shi gida a karanta masa, ba wanda zai kore shi don ya ce sai gobe. Kowane ƙorafi a nemi lambarsa tun a kiran farko, a rubuta ta da kwanan wata. Makon jiya maƙwabcina, wani tela da ke son ya jawo layi shagonsa, ya zo na rubuta masa waɗannan tambayoyi a bayan takardar jarrabawa. Ya dawo ya ce mini da ya karanto su ɗaya bayan ɗaya, an ba shi lissafin 21,500 tun a zaman farko, an kuma soke masa layin girken da biro a gabansa. Allon tallar yana nan inda yake a kan hanyar Sabon Gari, har yau 18,000 ce a jiki.